Tambaya da Amsa: Buga Gem da Ɗan Abin da Ke Aljihu

Wasiƙun wannan watan da suka zo mana daga Bauchi da Gombe kusan duk bakinsu ɗaya: ana sha'awar buga gem, aljihu kuma bai cika ba. Mun tsamo takwas daga ciki, masu gyaran na'urorin gem da masu haɗa sola na wannan fili suka amsa. Ba za ku ga farashi a nan ba, saboda kayan nan dala suke bi, kuɗin da aka faɗa maka a Wunti yau ba lalle ka same shi haka ba bayan sati biyu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Yelwa, Bauchi. Ina zubin adashi, wata mai zuwa ne kwasata, kuma burina in sayi PS4 ta hannu mu riƙa buga ƙwallo da abokaina. Wacce iri zan nema, kuma me zan duba don kada a cuce ni?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. PS4, wato na'urar gem ta PlayStation 4, iri uku ce. Akwai ta farko mai kauri da Sony ya fitar a 2013, sai Slim da Pro da suka biyo baya a 2016. Lambar da ke manne a jikinta ita za ta faɗa maka gaskiya: wadda ta fara da CUH-10, 11 ko 12 ta farko ce, CUH-20, 21 ko 22 Slim ce, CUH-70, 71 ko 72 kuma Pro. Mu dai Slim za mu ce ka nema. Iyakar wutar da aka rubuta mata wat 165 ne, alhali ta farkon tana tsakanin 230 da 250, Pro kuma wajen 300. Ba ta yin zafi kamar sauran, fankarta ba ta cika ihu ba, kuma duk wasan da Pro ke bugawa ita ma tana bugawa. Fifikon Pro sai mai talabijin 4K yake ganinsa sosai. A talabijin inci 32 na ɗakin ɗalibi, kuɗinka kawai za ka ƙara.

Ranar saye kada ka je hannu rabbana. Ka ari faifan wasa mai nauyi a wurin aboki, ka buɗe asusun PlayStation naka tun daga gida, ka sa data a wayarka. Mai shagon da ya hana ka gwaji na rabin awa, ka bar masa kayarsa ka ƙara gaba.

Ka fara da faifan. Ka sa, ka cire, sau huɗu ko biyar. In tana jan faifai da ƙyar, ko tana tofo shi da kanta, ko ta yi ta ƙara ba ta karanta ba, robar da ke jan faifan ko idon karantawar ya gaji. Daga nan ka buga wasan na minti talatin cur. Yawancin masu matsalar zafi lafiya lau suke a minti biyar na farko, sai an jima fanka ta fara ruri, wani lokaci fitilar gaban ta koma ja ta kashe kanta. Yayin da wasa ke tafiya, ka ɗan motsa wayar HDMI a inda ta shiga bayan na'urar. In hoto ya ɗauke ya dawo, bakin ya kwance, kuma gyaransa sai mai injin iska mai zafi, ba aikin kowane mai gyaran waya ba ne. Ka gwada ramukan USB biyun da ke gaba, sannan ka cire wayar hannun, wato abin da ake riƙewa a buga wasa, ka ja baya kamar taku huɗu ka ga ko yana amsawa.

Gwajin da mutane suka fi mantawa shi ne na intanet. Ka haɗa ta da datar wayarka, ka shiga da asusunka. Akwai na'urorin da Sony ya dakatar da su daga dandalinsa gaba ɗaya, a ido ba su da bambanci da masu lafiya, amma har abada ba za ka buga da wani ta intanet a kansu ba. Haka wadda aka yi wa kutse aka cika ta da wasanni: tana zaune ne a kan tsohuwar manhaja, ba ta shiga dandalin, kuma ranar da ƙaninka ya danna sabuntawa bisa kuskure, wasannin sun tafi. Akwai kuma dabarar da wasu ke yi ta loda wasanni da asusun mai shago su ƙara maka kuɗi a kai. Wasannin nasa ne, ba naka ba. Duk ranar da ya janye asusunsa daga na'urarka don ya sa wa wani, sai ka wayi gari ka ga hoton kwaɗo a kan kowane wasa. Kuɗin na'ura za ka biya, ban da waɗannan.

Ka duba ƴan takardun da aka liƙa a kan kusoshin baya. In an yage su, an taɓa buɗe ta. Wannan ba lalle aibu ba ne, wataƙila shara aka yi mata, amma ka tambaya, kuma ka nemi ragi. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar da sunan shago, da alkawarin canji na aƙalla sati guda a rubuce. Kayan sata na yawo a wannan harka, rasit ne zai fitar da kai.

Sai rabon kuɗin. Kada ka zuba adashin duka a kan na'ura. In ka kasa shi goma, bakwai na na'ura, ɗaya da rabi na ƙarin hannun wasa tunda ƙwallo za ku buga, sauran na sitabilaiza da faifai ɗaya. In kuɗin bai kai haka ba, gara ka jira zubi na gaba da ka kawo PS4 gida ka jona ta tsirara a bango.

In ta shigo gida, ka ɗora ta a kan tebur ko kanta, ba a kan kafet ko tabarma ba, ka bar mata tazarar aƙalla santimita 10 daga bango. Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarta a yankinmu, sai kyankyasai, waɗanda ke son ɗumin akwatin wutarta su shiga su haɗa wayoyi. In ka kashe ta ta huce, ka rufa mata ƙyalle. Murfin saman Slim da hannu ake ɓalle shi ba tare da kwance kusa ba, ka riƙe fankar da yatsa don kada ta juya, ka share da busasshen buroshi mai laushi. In ka yi haka ruri bai ragu ba, ƙura ta toshe ƙarfen sanyaya na ciki ko man da ke kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ya bushe, wannan kam aikin mai gyara ne.

TAMBAYA: Daga Pantami, Gombe. Yayana ya aiko wa ƙanenmu Xbox daga Amurka, ranar farko da aka jona ta sai hayaƙi. Ni kuma ina shirin sayen PS4, ga wuta ba ta tsayawa, ƙaramin janareta gare mu. Yaya zan yi?

AMSA: Malam, abin da ya sami ta ƙanenku ba ɓoyayye ba ne. Wutar Amurka 120V ce, tamu 230V. Xbox 360 da Xbox One ta farko suna da akwatin wuta na waje wanda aka yi shi don wutar ƙasar da za a sayar, na Amurka in ya sha tamu nan take yake ƙonewa. Labari mai daɗi shi ne sau da yawa akwatin ne kaɗai ke mutuwa, in aka samo mai 220 zuwa 240V na irin samfurin, na'urar kan tashi. Ka'idar ita ce kafin ka jona duk abin da ya zo daga waje, ka karanta rubutun da ke jikinsa. In ka ga 100-240V, jona. In ka ga 110, 120 ko 127V kaɗai, sai da taransifoma mai rage wuta. PS4 da Xbox One S ba su da wannan matsala.

Matsalar PS4 daban ce: ba ta son a ɗauke mata wuta tana cikin aiki. Ma'ajiyarta faifan ƙarfe ne mai juyawa, in wuta ta yanke lokacin da take rubuta bayanai, abin da ka ajiye na wasa na iya lalacewa, in abin ya yawaita ma'ajiyar kanta ta mutu. Saboda haka, a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, ka manta da yanayin barci mai fitila ruwan lemo. Ka kashe ta gaba ɗaya, ka jira fitilar ta mutu kafin ka zare waya. In ta fara nauyi ko wasanni na rufe kansu bayan an ɗauke wuta, ka kashe ta, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa bakwai har ka ji ƙara ta biyu, ka haɗa hannu da wayar USB, ka zaɓi "Rebuild Database". Wannan ba ya goge wasanninka, jera bayanan kawai yake sake yi. Zaɓin da aka rubuta "Initialize" kuwa komai yake gogewa, ka kiyaye.

Sitabilaiza mai 1000VA ta ishi PS4 da talabijin har da rara. Ka nemi mai maɓallin jinkiri, saboda lokacin da aka dawo da wuta ne ta fi zuwa da ƙarfi, jinkirin nan shi ke tsare kayanka. Amma sitabilaiza ba ta riƙe wuta. Mai riƙewa ita ce UPS, kuma ƙarama mai 650VA batirinta 12V 7Ah ne kawai, ƴan mintoci za ta ba ka, daidai ka ajiye wasa ka kashe. Ba a sayenta don a ci gaba da bugawa.

Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, ƙarfinsa na gaskiya wajen wat 650 ne, don haka ɗaukar PS4 da talabijin ba ya gagararsa. Illarsa ita ce wutarsa na hawa da sauka. In aka kunna dutsen guga ko firji wuta ta faɗi, in aka kashe ta yi sama, haka ma in mai ya kusa ƙarewa yana shaƙewa. Ka tayar da shi ka bar shi minti biyu ko uku ya daidaita kafin ka jona, kada a haɗa abu mai nauyi a layin, ka duba mai kafin ku fara, kuma ka kashe na'ura kafin a kashe inji.

In sola ce a ranka, ga lissafi. A ɗauka Slim na cin wat 90 tana cikin wasa, talabijin LED inci 32 kuma wat 45, jimla 135. Awa huɗu ya zama 540Wh, in aka ƙara abin da inbata ke zubarwa ya kai wajen 630Wh. Batir mai ruwa 12V 100Ah yana ɗauke da 1,200Wh, amma rabinsa ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko, ke nan kusan awa huɗun nan zai ba ka. Na litiyam mai girma ɗaya ya kan kai awa bakwai, sai dai ya fi tsada. Fanel mai wat 300 a ranar Gombe ya isa ya mayar da abin da ka sha a yini guda. Inbatar kuma ka tabbata mai tsabtatacciyar wuta ce, wadda aka rubuta mata "pure sine wave". Masu arahar nan da ke sa fanka gurnani suna gajiyar da akwatin wutar na'ura.

TAMBAYA: Ni ɗan Azare ne, ba ni da halin PS. Waya nake son canjawa don Free Fire da Call of Duty. An nuna mini wata an ce RAM ɗinta 8GB, kuma da araha. In saya?

AMSA: Ƙanena, koma ka karanta kwalin da kyau. In ka ga an rubuta 4+4, RAM ɗin gaskiya, wato inda waya ke riƙe abin da take aiki da shi a lokacin, 4GB ne, sauran huɗun aro aka yi daga ma'ajiyar waya, kuma ma'ajiya ba ta kusa da RAM a sauri. Yana taimakawa wajen barin manhajoji a buɗe, amma a cikin wasa ba ya ƙara komai. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi RAM muhimmanci shi ne firosesa, kuma shi ne masu shago ba sa ambata. Waya mai Helio A22, G36, G37 ko Unisoc T606 ta kira da WhatsApp ce, za ta buɗe Free Fire amma za ta sha wuya da Call of Duty. Helio G85, G88 da Snapdragon 680 su ne matakin farko da za a ce ana buga gem. Helio G99 ya fi su duka, kuma da yake an ƙera shi da fasahar nanomita 6, ba 12 irin ta G85 ba, ba ya zafi da cin batir kamar G85 da G88. Ana samunsa a wayoyin Infinix, Tecno, Redmi da Samsung masu matsakaicin kuɗi. Waya ta hannu mai G99 da RAM 6GB na gaske ta fi sabuwa fil mai G36 ko da an rubuta mata 16GB. Ma'ajiya kuma kada ta gaza 128GB, don Call of Duty da PUBG suna ƙara ƙiba da kowace sabuntawa. Kafin ka biya, ka sauke ƴar manhajar CPU-Z ka ga sunan firosesar da idonka.

In ka saya, ka shiga saitin wasan ka mayar da kyan hoto ƙasa, ka ɗaga saurin motsi. Wanda hotonsa ke tafiya sumul shi ke riga harbi. Zafi kuma shi ke sa wasa ya fara sarƙewa bayan minti ashirin, saboda firosesa na rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin garuruwanmu ke taɓa digiri 40, ka cire rigar wayar, ka zauna gaban fanka, kada ka buga tana caji. Caji da wasa a lokaci guda shi ke kumbura batir. Kada kuma ka sa ta a firji don ta huce, raɓa ce za ta taru a cikinta. Manhajojin da ke cewa suna ƙara wa gem gudu kuwa, talla kawai suke nuna maka.

Wasan kansa ba ya cin data sosai, ƴan gomiyoyin MB ne a awa. Sabuntawa ce ke kwashe GB. Ka kashe sabuntawa ta kai tsaye a Play Store, ka riƙa yi da datar dare. Ka kuma lura da lambar da wasan ke nunawa da "ms" a gefe: ƙasa da 100 ana bugawa lafiya, in ta haura 150 za ka ga an kashe ka kafin ka ga mai harbin. Wannan ba laifin waya ba ne, na sabis ne, ka gwada wani layi ko wani ɓangaren gidan.

TAMBAYA: Daga Bolari, Gombe. Ina da PS4 amma kuɗin sabon faifai ya fi ƙarfina. Akwai mafita?

AMSA: Akwai, har uku. Ta farko, ka daina bin sabo. Wasan ƙwallo na EA, wanda ya bar sunan FIFA ya koma FC tun 2023, duk shekara ake fitar da sabo, na bara kuma sai darajarsa ta faɗi warwas. In a ɗaki kuke bugawa da abokai, bambancin bai wuce sunayen ƴan wasa da riguna ba. Ta biyu, musaya. Faifan PS4 ba a ɗaure yake da asusun kowa ba, kuma na kowace ƙasa yana aiki a kowace na'ura. Ku haɗu ku huɗu ko biyar kowa ya sayi wasa daban, ku riƙa juyawa. In za ka sayi na hannu, ka ɗaga shi a haske: ƙananan ƙarce ba sa hana shi aiki, amma tsagewa a kusa da ramin tsakiya ba ta gyaruwa.

Ta uku, wasannin kyauta. eFootball na Konami, magajin PES, kyauta ne tun 2021, haka Fortnite da Rocket League, kuma irin waɗannan ba sa buƙatar biyan PlayStation Plus kafin a buga su ta intanet, saɓanin FC. Kuɗinsu shi ne datar saukewa, wadda ke kai GB masu yawa, don haka ka nemi Wi-Fi ko datar dare.

Gargaɗi ɗaya: Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, shi ya sa mutane ke zaɓar Amurka, Ingila ko Afirka ta Kudu. Ƙasar da ka zaɓa ba ta canjuwa, kuma katin kuɗin da za ka saya dole ya zama na wannan ƙasar. Katin Amurka ba ya shiga asusun Ingila. Haka ƙarin kayan wasa da ake saya a dandali, sai yankin asusun ya dace da yankin faifan.

TAMBAYA: Daga Tudun Wada, Gombe. GTA VI nake jira. In sayi PS4 yanzu ko in ci gaba da tari?

AMSA: GTA VI ba zai zo PS4 ba. PS5 da Xbox Series X da S aka sanar. In shi kaɗai ne burinka, ci gaba da tari. Series S ce mafi araha a cikinsu, amma ba ta da wurin faifai, kowane wasa sai ka sauke shi, ma'ajiyar ta asali kuma 512GB ce. Abin da ka rage a saye za ka biya shi a data, ga shi ba aro ba musaya. A wurinmu PS5 mai faifai ta fi dacewa, kuma tana karanta kusan duk fayafayan PS4.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Jihar Gombe. Kwamfutar cinya nake son saye don karatu, amma ina so ta ɗauki gem. An ce in dai Core i7 ce shi ke nan.

AMSA: Ƴar'uwa, wanda ya faɗa miki haka ya rage miki zance. Sunan i7 shi kaɗai ba ya nuna ƙarfi, sai an dubi zubin. Lambar farko bayan layin ita ce zubi (daga zubi na goma zuwa sama kuma, lambobi biyun farko): i7-6600U zubi na shida ce mai ƙwaƙwalwa biyu, i5-8250U kuma zubi na takwas ce mai ƙwaƙwalwa huɗu, kuma ta fi waccan. Ki tsaya a zubi na takwas zuwa sama, don daga nan ne Windows 11 ke karɓar kwamfuta a hukumance, Microsoft kuma ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

Gem kuwa katin hoto yake bi. Kwamfutocin ofis da suka cika kasuwa, irin su HP EliteBook 840, Dell Latitude da ThinkPad, masu ƙarko ne, amma hotonsu Intel HD 520 ko UHD 620 ne, wanda ke aron RAM ɗin kwamfuta. Za su buga tsofaffin wasannin ƙwallo, GTA V ma zai tashi da ƙyar in an mayar da komai ƙasa, amma sabon FC ya fi ƙarfinsu. Mai Ryzen 5 da hoton Vega ta ɗan ɗara su. In da gaske kike, ki nemi mai GTX 1050 ko GTX 1650, ki kuma san cewa irinsu nauyi gare su, kuma batirinsu ba ya jimawa. Don tabbatarwa, ki danna Ctrl, Shift da Esc tare, ki shiga "Performance", sunan katin zai fito. Kada ki yarda da takardar da aka liƙa a jiki.

Dabara mai sauƙin kuɗi ga mai hoton Intel ko Vega: RAM guda biyu masu 8GB sun fi guda ɗaya mai 16GB, saboda hanya biyu suke buɗe wa katin hoton. Ki tambaya ko kwamfutar na da rami biyu, don wasu an like musu RAM a jikin allo. Ma'ajiya ta zama SSD, aƙalla 256GB. Ki buga da caja a jone, a kan tebur ba a kan katifa ba.

Wasanni kuma, ki buɗe asusu a Epic Games Store, duk ranar Alhamis suna ba da wasa kyauta, wanda kika karɓa ya zama naki. A Mayun 2020 har GTA V suka bayar. Steam na yin babban ragi a ƙarshen Yuni da kuma Disamba, kuma in kin sayi wasa kwamfutarki ta kasa ɗauka, suna mayar da kuɗi matuƙar ba a wuce kwana 14 ba, kuma ba ki buga shi awa biyu ba. Wasannin da ake lodawa a filashi a kasuwa su ne babbar hanyar da ƙwayar cuta ke shiga kwamfuta, ga shi aikin makarantarki na ciki.

TAMBAYA: Daga Misau. Hannun PS4 ɗina ɗan wasa na tafiya shi kaɗai ban taɓa komai ba. In jefar?

AMSA: A'a. Ƙura ce ko kuma ƴar na'urar da ke ƙarƙashin sandar ta cinye. Ka fara da ɗigon sifirit na masu gyaran waya a gindin sandar, ka juya ta zagaye na minti ɗaya, ka bari ya bushe. Ban da ruwa, ban da kananzir ko man keken ɗinki. Akwai ƙaramin rami a bayan hannun kusa da L2, ka danna shi da tsinke na ƴan daƙiƙu. In bai daina ba, mai gyara zai cire ƴar na'urar ya liƙa sabuwa da dalma, kuɗin bai kai na sabon hannu ba.

In saye ya zama dole, na asali na hannu ya fi jabu sabo a kwali. Jabu ya fi sauƙin nauyi, rubutun bayansa ba ya fita tsaf, batirinsa kuma ba ya daɗewa. Hannun PS3 ba ya aiki a PS4. Na PS4 kuwa yana haɗuwa da wayar Android ta Bluetooth in ka danne Share da PS tare har fitila ta fara walƙiya, kuma Call of Duty na waya yana karɓarsa.

TAMBAYA: Ni uwa ce a Fadaman Mada, Bauchi. Yarana biyu, ɗan shekara tara da ɗan sha biyu, sun dame ni da maganar gem, babban har ya ce in ba shi katin banki ya sayi lu'ulu'u a wani wasa. Me ya dace da su wanda ba zai cinye ni ba?

AMSA: Hajiya, kada ki ba da katin. Wasannin waya na kyauta ta sayar da irin waɗannan lu'ulu'u da riguna suke samun kuɗi, kuma in kati ya zauna a wayar, danna ɗaya ya isa a cire. In kin taɓa sa shi, ki shiga Play Store ki cire, ko ki saita cewa duk saye sai an sa kalmar sirri. Ki kuma ja kunnen babban game da shafukan da ke alkawarin lu'ulu'u kyauta, asusu da lambobin kati suke sacewa. Manhajar Family Link ta Google kyauta ce, da ita za ki ƙayyade awannin da wayar yaro za ta yi aiki da abin da zai iya saukewa.

Ga yara masu waɗannan shekaru, PS2 ƴar siririya ta wadatar. Tun 2000 aka fara fitar da PS2, amma har yanzu tana nan a kasuwa da araha, ba ta neman intanet, ba ta cin wuta sosai, tana aiki da tsohon talabijin mai wayoyi uku, rawaya da fara da ja. Ki haɗa da hannu biyu don kada a yi faɗa, da katin ajiya mai 8MB. A gwada ta da faifai a gabanki, don idon karantawa ne ke fara mutuwa a jikinta, a kuma duba rubutun wutar da ke jikin cajarta.

Kowane kwalin wasa na asali yana da alamar shekaru a kusurwarsa ta ƙasa. Na Turai lamba ce: 3, 7, 12, 16 ko 18. Na Amurka harafi ne: E na kowa, T na matasa, M na manya. Wasannin ƙwallo da yawancin na tseren mota suna cikin 3 ko E. GTA, wanda tabbas za su roƙe ki, 18 ne. In mai shago ya ce zai loda musu wasanni, ki sa ya karanto miki sunayen ɗaya bayan ɗaya kafin ya zuba.